Tauraron da Ya Ƙi Fari

Duk Ƙarfi an san Maitama masassaƙi da hannu mai kyau da baki mai zafi. Ranar da Zubairu, ɗan amininsa marigayi Manu maharbi, ya shigo rumfarsa da bindigar uban naɗe cikin buhu, bakin ne ya riga hannun fara aiki.

"Wannan ƙota ce ko gidan gara? Kuna ina har suka cinye ta?"

"A bangon ɗakin mahaifiyarmu Inno take rataye, Baba. Ka san idonta ya tafi, ba ta ga ɓarnar ba, shafa ta kawai take yi kullum da safe. Da ƙyar ta yarda na ɗauko. Ta ce a canza icen, amma taurarin nan na ƙashi da ke jikinta babanmu ne ya sassaƙa su da hannunsa, a mayar mata da su. In ta taɓa ba ta gane ta ba, na shiga uku."

Maitama ya ce ya ji. Ya samo busasshen maɗaci ya fitar da sabuwar ƙota, ya ɓanɓaro taurarin daga tsohuwar da bakin wuƙa, ya dasa kowanne a inda yake a da. Sai shafa mai, kuma nan ne aikin yake. Ƙashi mayen mai ne, da ya sha sai ya koma rawaya. Don haka da ɗan yatsa Maitama yake ɗiga man gyaɗa, ya murza a icen, ya kewaye kowane tauraro kamar mai noma a gindin barkono.

Ana cikin haka aka gayyace shi ɗaurin aure a Dandume. Yana fita Zubairu ya leƙo ganin aiki. Ya ga ƙota a bushe, ga kwalbar mai a gefe, sai tausayin tsoho ya kama shi. Ya zazzaga man ya mulke ta tun daga wuya har gindi, ya jingine ta a rana don ya shiga da kyau.

Ya kuwa shiga. Da Maitama ya dawo, sai ya tarar da taurari sun koma kamar haƙoran maci goro.

"Zubairu! Tsire na ce maka ina yi?"

"Baba, taimako na yi niyya."

"Gyaran gangar Auzinawa ke nan! Wa ya aike ka? Ka koma wajen buhunan masararka, in na sake ganin ƙafarka a rumfar nan sai na sassaƙe ta."

Haushi dai ba ya fidda mai daga ƙashi. Maitama ya kwaɓa toka da lemun tsami ya ɗora, ta bushe, ya kakkaɓe, ya sake. Ya naɗa auduga a tsinke, ya tsoma a fetur, ya bi taurarin ɗaya bayan ɗaya. In fetur ɗin ya zame ya taɓa icen, wurin ya koɗe, sai ya sake shafa mai. In man ya zame ya taɓa ƙashin, sai ya sake komawa fetur. Wuyansa ya sage, idonsa ya yi ja, maƙwabta suka gaji da jin sunan Zubairu.

A hankali taurarin suka washe, ban da guda ɗaya da ke wuyan ƙotar. Shi wannan ba rawaya ba ma, ja ne wur, ga ɗan kwarmi a tsakiyarsa inda mai yake kwanciya. Toka ta gaza, fetur ya gaza.

"Ni za ka raina?" in ji Maitama.

Ya fasa kwalba ya ɗauki ɓarin, ya shiga kankara yana tsaki. Farin gari yana zuba a gwiwarsa, shi kuwa bai tsaya ba sai da kwarmin ya ɓace, tauraron ya daidaita da icen, ya yi fari tas kamar 'yan uwansa. Sai a lokacin ransa ya yi sanyi, har ya aika a gaya wa Zubairu an yafe masa.

Inno ba ta jira a kai mata ba. Da hantsi ta zo da kanta, Zubairu yana riƙe da hannunta. Maitama ya shimfiɗa mata tabarma, ya ɗora mata bindigar a cinya, yana jiran yabo.

Ta bi icen da tafin hannu, ta gyaɗa kai. Sannan ta riƙe wuyan ƙotar yadda maharbi yake riƙewa, babban yatsanta ya sauka kan tauraron nan. Ta murza. Ta ɗaga, ta sake saukewa.

"Malam Maitama, ina ramin?"

"Wane rami, Inno?"

"Inda yatsansa yake zama. Tun ina amarya yake cin wurin nan, har ya lotsa. Nan nake sa nawa."

Maitama ya buɗe baki zai ce Zubairu, sai idonsa ya faɗa kan ɓarin kwalbar da ke gefen ƙafarsa. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi.

Inno ta miƙa masa bindigar da hannu biyu.

"Aiki ya yi kyau, Allah ya saka. Amma wannan ba tasa ba ce, a kai wa mai ita. Zubairu, tashi ka mai da ni gida."