Ganga a Cikin Fedar Azariya

Azariya da Kumai sun daɗe suna kiɗan biki tare a Kafanchan, Azariya da jita, Kumai da ganga, amma ban taɓa jin ɗaya ya ce wa ɗaya sannu da aiki ba. Ni ke ba su hayar sifika da janareta, don haka yawancin zagin da suke yi wa juna ta makirfona yake bi. Azariya ya ce Kumai ba ya iya riƙe kiɗa wuri ɗaya, da mata sun shiga fili sai ya hau gudu kamar wanda kare ya biyo. Kumai kuwa cewa yake jita ado ce, kamar furen roba a teburin amarya.

Ana nan sai Azariya ya je Sabon Tasha ya dawo da feda. Wani baƙin akwati ne faffaɗa, gwanjo, ana ajiye shi a ƙasa a jona jita, a riƙa taka maɓallansa da ƙafa. Taka nan, jita ta yi sanyi kamar kiɗan majami'a. Taka can, ta yi gurnani kamar tifa na hawan tudu. Har da wurin da za ta riƙe abin da ka kaɗa ta yi ta maimaitawa, kai kuma kana ɗora wani a kai. Duk wannan bai dami Kumai ba, sai ranar da muke gwaji a shagona, ganga ta tashi a cikin sifika alhali sandunansa na kan cinyarsa.

"Wa ya kaɗa?" in ji Kumai.

"Sabon abokin aikina," in ji Azariya. "Ba ya makara, ba ya warin burkutu, ba ya leƙa farantin mutane."

"Ka ce masa ya gaishe ni, na girme shi."

"Zai gaishe ka. Bikin Manchok na ranar Asabar ma ba sai ka wahalar da kanka ba, Yaya Kumai. Shekaru sun ja, ka huta."

Kumai ya tsura wa akwatin ido, ya tattara sandunansa. A bakin ƙofa ya ce, "Asabar ai ba nisa."

Korar Kumai daga kiɗa abu ne mai sauƙi, amma hana shi zuwa bikin ba mai iyawa, domin angon ɗan yayarsa ne. Ya zo da gangarsa ɗaure a bayan babur, an lulluɓe ta da buhu. Ya kafe babur ɗin a gindin mangwaro, dab da filin rawa, ya karɓi shinkafarsa ya zauna inda Azariya ba zai ɗaga kai bai gan shi ba.

Da farko feda ta fitar da mai ita kunya. Lokacin shigowar amarya Jacinta, jitar ta yi wani amo mai daɗi har ’yan mata suka ɗaga wayoyi suna ɗauka. Azariya sai taku yake yana murmushi ta wajen mangwaro.

Matsala ta zo da shigar Zumuntar Mata ta majami'a. Duk wanda ya san rawar matan nan ya san ba ta zama wuri ɗaya. Tana farawa kamar masu tafiya kasuwa, ta ƙare kamar masu kashe gobara, kuma makaɗi ne ke bin ƙafarsu, ba su ke bin makaɗi ba. Gangar feda kuwa ba ta da ido. Yadda ta fara haka ta ci gaba, tim, tim, tim. Mata suka yi gaba, suka waiwayo, ganga na can baya.

Mama Afiniki, shugabarsu, ta tsaya cak ta riƙe ƙugu. "Azariya, ganga naka yana ciwon ƙafa ne?"

Azariya ya saki jita ya sunkuya ya murɗa wani abu da hannu. Ganga ta zabura kamar injin niƙa, wata tsohuwa ta yi tuntuɓe. Ya sake murɗawa, ta koma tafiyar jana'iza. Aka yi ta ihu. Mama Afiniki ta yi tsaki ta nufi gindin mangwaro, mata biye da ita.

"Kumai, tashi ka kwance ganga."

"Mama, ni yau baƙo ne. Abinci na zo ci."

"Bikin ɗanka ne fa, ba ka jin kunya?"

"Kunya tana wurin mai akwati." Ya tsame ƙashi daga baki ya ajiye a gefen faranti. "In ana so in kaɗa, ya cire wayar abin nan tukuna. Sannan ya ɗauki makirfo ya gaya wa jama'a wa ke riƙe kiɗa a ƙungiyar nan."

Aka kai wa Azariya saƙo. Gumi na zuba, ya ce ya yarda. Da Kumai ya tashi a lokacin nan, da har yau shi ke kan ganga. Amma daɗin roƙo ya riga ya shige shi.

"Ban gama ba," in ji shi. "Shi zai kwance gangar da hannunsa, ya ɗauka a ka, ya kai ta fili. Yana tafe yana cewa na tuba."

Mata suka shiga ba shi baki, shi kuma yana ƙara sharaɗi yana neman a ƙaro masa miya. Ba wanda ya kula da Azariya sai ni da ke kusa. Ya durƙusa gaban feda yana taɓa wannan yana taɓa wancan kamar mai neman kuɗinsa a cikin yashi. Akwai wata ’yar fitila ja da ke ƙiftawa daidai da bugun gangar. Ya danna maɓallin da ke ƙarƙashinta a jere, sai fitilar ta bi hannunsa. Ya danna da sauri, ganga ta yi sauri. Ya danna a hankali, ta lafa.

Ya miƙe, ya tuɓe takalmin dama ya jefar, ya rataya jita.

"Mama Afiniki!" ya faɗa cikin makirfo. "Dawo ki taka yadda kike so. In na bar ki a hanya, ki fasa akwatin nan da kanki."

Ta dawo ne don ta fasa. Ta fara takawa, Azariya ya kafa wa diddigenta ido, babban yatsansa na dukan maɓalli. Ta ƙara wuta, ya ƙara. Ta yi kamar za ta tsaya don ta yaudare shi, ya tsaya tare da ita. Sai ta rangaɗa guɗa, mata suka baro mangwaro da gudu, har wata ta ture farantin Kumai. Mutumin da ya shekara yana zagin mai bin ƙafar mata, ga shi yana bi har jijiyar ƙaurinsa ta tashi.

Kumai ya zauna shi kaɗai, shinkafa a kan wandonsa. Can ya miƙe, bai nufi fili ba, ya zagayo ta bayan rumfa inda janareta yake. Ya tarar na riga shi, ina zaune a kan jarkar mai, na tare makashin injin.

"Matsa," in ji shi.

"Kumai, injin nan nawa ne. Kuma uban amarya ne ya ɗauke ni, ba kai ba."

"Kai ma ka bi akwati?"

"Ni duk mai kiɗa nake bi."

Ya tofar da yawu kusa da ƙafata. Sai ga Mama Afiniki, tana haki, ɗankwali a hannu.

"Kumai! Kai nake nema."

Ya gyara tsayuwa, har ya kai hannu aljihun da sandunansa suke.

"Zo ka janye babur naka," ta ce. "Ya tare mana fili."