Tashar Kan Hanyar Kharga

Shekara ashirin da biyu ke nan da Injiniya Wagdi ya binne zaren gilashi, wanda haske ke bi ta cikinsa ɗauke da saƙonnin waya, daga Asyut zuwa Kharga. A lokacin haske ba ya iya cin wannan tafiya a tashi ɗaya, sai ya raunana a tsakiya. Dole aka gina ɗaki a cikin hamada, aka sa na'urar da ke ƙara masa ƙarfi, aka ɗauki Hilal gadi. Wagdi ya fi son ɗakin nan da ofishinsa, don a can ya ci wake da gurasa mafi daɗi a rayuwarsa, a tsugune, yana gumi.

Yanzu kuwa an kawo na'urori masu wayo. Gajeriyar hanya su zuba gudu, doguwa su sassauta, hasken ya isa ba tare da ya yada zango ba. Aka ce Wagdi ya zana tsari mai sauƙin kuɗi. Sau uku yana sake lissafi ko zai sama wa ɗakin dalilin zama, lissafi ya ƙi ba shi haɗin kai. Da hannunsa ya soke tashar, kuma abin ya yi masa ciwo.

Bai yarda a aika wa Hilal takarda ba, ya tuƙa mota ya je. Ya tarar da Hilal yana goge faifan sola.

"Injiniya! Wannan tumbi haka? Kai ne kuwa mai shiga rami da?"

"Kai ma ina haƙoranka?"

Suka sha shayi baƙi ƙirin. Wagdi ya yi ta kewaye-kewaye har Hilal ya gaji.

"Faɗi mana. Rufewa za a yi?"

"Ƙarshen wata. Ni na zana, Baba Hilal."

Tsohon ya dubi ƙofar ɗakin.

"Hasken fa? Ya daina bi ta nan?"

"Zai bi. Tsayawa ce ba zai yi ba."

"To alfarma ɗaya. Kullum ka ce kar in leƙa zaren, zai ƙona mini ido. Kafin ku kwashe, ka nuna mini shi."

Wagdi ya sunkuyar da kai. "Ba ya ganuwa, Baba. Ni ma ban taɓa ganinsa ba."

Hilal ya ajiye kofi. "Shekara ashirin da biyu ina share masa ɗaki," ya ce.