Furen Lafinta a Naman Rago

Tun da Merv Radford ya auri Noreen ya san abin da zai tarar a farantinsa ko da ido a rufe: naman rago, dankali, kabewa, da gishiri wanda ya ji. Gashin kansu ya yi fari a kan wannan girkin, babu wanda ya taɓa yin ƙorafi. Sai bayan Kirsimeti, lokacin da zafi yake kankama a ƙasarsu, abubuwa suka fara canjawa.

Da shayi aka fara. Ya kurɓa, wani ƙamshi ya bugi hancinsa, ya leƙa kofi ya ga 'yan furanni shuɗaye suna yawo a sama.

"Mene ne wannan kuma?"

"Furen lafinta ne. Sha mana, tsoho, ba ya kisa."

"Lafinta ai cikin kayan sawa ake cusa ta don ƙwari. Ni riga ce?"

Noreen ta ci gaba da goge tukunya. Daga shayi furen ya shiga biskit, ya shiga ruwan lemun tsami da take kai masa wurin tumaki, ya shiga kwalbar zuma. Ranar Lahadi ta gasa cinyar rago, ya yanka ya kai baki, sai ya ji kamar ya ciji sabulu.

Merv ba mai yawan magana ba ne, amma yana da ido. Ya san inda furen yake fitowa. A bayan shingensu gonar Lindsay Coombe take, layi-layi na lafinta har gindin tudu, kuma Lindsay gwauro ne tun da matarsa ta rasu. Ba sau ɗaya ba Merv ya hango su a bakin shinge, Lindsay yana miƙo mata dami, sun haɗa kai suna magana ƙasa-ƙasa. Da ya doso sai hirar ta koma ta ruwan sama. Ga shi kuma duk Alhamis Noreen takan ɗauki mota ta tafi garin Scottsdale ita kaɗai, ta ce cefane, ta dawo da leda ɗaya.

Sai wani tunani ya fara cin ransa. Ya taɓa ji an ce furen nan yana sa barci, shi kuwa kwanan nan da ya ci abincin rana sai gyangyaɗi. Ya faki idonta ya jefa wa karensu biskit biyu, ya zauna yana kallonsa. Karen ya cinye, ya miƙe a inuwa ya yi barci. Matsalar ita ce karen nan ba shi da wani aiki da rana sai barci, don haka Merv bai ƙaru da komai ba.

Da abin ya ishe shi, ya tsallaka shinge. Ya tarar da Lindsay yana ɗaure damman fure a rumfar shanya.

"Lindsay, me ke tsakaninka da matata?"

Lindsay ya dube shi sama da ƙasa. "Haba Merv. Gwiwata ɗaya ta ƙarfe ce. In na saci matar mutum, da me zan gudu?"

"Ba wasa ya kawo ni ba."

"Tambayata ta yi wanne ake ci, wanne ne na sabulu. Na nuna mata mai gajeren kara, na ce ta riƙa sa kaɗan. Da alama ba ta ji kaɗan ɗin ba. Sauran kuma ka tambaye ta."

"Ashe akwai saura."

Lindsay ya sunkuyar da kai kan igiyarsa, ya ci gaba da ɗauri.

Merv ya dawo gida zuciyarsa tana tafasa. Noreen tana waje tana shanya. Ya buɗe firij, ya yanko ragowar naman Lahadi, ya kankare furen da wuƙa, ya tauna a hankali ko zai ji ɗacin wani magani. Babu ɗaci. Lami ne salam, ko ɗigon gishiri babu. Ya duba kan tebur, ya duba kabad, ya buɗe gwangwanaye ɗaya bayan ɗaya. Babu gishiri a gidan.

Tana shigowa da kwando ya tare ta.

"Kin je kin kai ƙarata wurin likita ke nan? An ce a hana ni gishiri, shi ne kike rufe min baki da turare?"

Ta ajiye kwandon. "Kai lafiyarka ƙalau, kamar doki. Ni ce."

Hawan jini ne, in ji ta, har ya fara taɓa zuciya. Wurin likita take zuwa ranar Alhamis, shi ya hana ta gishiri. Ba za ta iya girki biyu ba, kuma in ya ga ta ware nata zai yi tambaya. Lindsay kuwa irin ciwon ne ya ɗauke matarsa, da furen nan da ganyaye ya riƙa yi mata girki a madadin gishiri.

"Shi kin gaya masa. Ni da muke kwana ɗaki ɗaya ba ki gaya min ba."

"Don na san halinka. Kana ji za ka sayar da tumaki, ka kwashe ni zuwa birnin Launceston gidan 'yarmu, a dasa ni a kujera gaban talabijin."

Bai musa ba, don tun tana magana ya fara tunanin wa zai sayi tumakin. Ya ja kujera ya zauna, ya daɗe yana kallonta, yana neman abin da ta rage bai ji ba. Wadda ta iya ɓoye wannan tsawon watanni, me zai hana ta ɓoye rabinsa yanzu?

Bai sayar da tumakin ba. Lindsay kuma ya yi makonni bai sami gaisuwarsa ba. Da ranar ganin likita ta zo, Merv ya riga ta shiga mota. A bakin asibiti ta ce ya jira ta a waje, ba za ta daɗe ba.

"A'a," ya ce, yana kulle mota. "Tare za mu shiga. Daga bakin likitan nake so in ji."