Tsinke a Shafi na Talatin da Ɗaya

Tsinken sakace ne ya leƙo daga saman littafin, an tauna kansa ɗaya. Auta ta hange shi lokacin da ta sunkuya za ta ajiye tiren lemo a teburin tsakiyar falo. Ba sai ta buɗe ba, ta san inda yake, domin takardun da ke gabansa duka ba su kai kaurin biskit ɗaya ba. Makonni uku ke nan da mijin yayarta ya ɗauke littafin daga kan katifarta ba tare da ya tambaya ba, kuma tsinken yana nan inda yake tun daren farko.

Farfesa ake ce wa mijin yayar tata, ko da yake ko kaji bai taɓa koyarwa ba. Jami'i ne a sashen hulɗa da jama'a na wata ma'aikata, sunan kuma ya samo shi ne daga farin tabarau da yake sakawa, wanda babu magani a cikinsa. Shi ya kafa Zauren Masu Karatu. Duk Asabar ɗin ƙarshen wata, bayan la'asar, sai su hallara a falonsa, kowa ya zo da littafin da ya karanta ya ji daɗinsa, ya tallata wa sauran. Wanda ya fi iya baki, nasa ne littafin wata. Auta ba 'yar zauren ba ce. Ita ce mai kawo lemo, mai ɗaukar hoto, mai buga bayanin a waya ta tura wa mutane ɗari da wani abu da ke cikin rukunin, waɗanda ba sa zuwa amma ba sa fashin turo hoton tafi.

Shekara biyu ke nan da ta gama jami'a tana zaune a gidan. A saman kabad ɗin gilashi, inda aka jera littattafai bisa tsayi kamar 'yan fareti, akwai wata ambulan ruwan ƙasa. Takardunta ne a ciki. An samu gurbi ɗaya a ofishin su Farfesa, ranar Litinin za a rufe karɓa, shi kuma ya ce da hannunsa zai miƙa wa Darakta. Tun da safe Yaya ta ja ta gefe a kicin.

"Na san ki, ba ki magana amma idonki ya fi baki zagi. Ki riƙe min shi har Litinin."

"Ni me na yi, Yaya?"

"Ba ki yi ba tukuna. Shi ya sa nake gaya miki."

Wani ɗan zauren da ake ce wa Lauya ne ya buɗe taro. Ya zaro wani dirkeken littafi daga jaka, irin waɗanda ke koya wa mutum yadda zai zama babba, ya buga shi a cinya.

"Jama'a, wannan ya canza mini rayuwa. Duk wanda bai karanta shi ba, ina tausaya masa."

Auta ta kalli ƙashin bayan littafin. Sumul yake, ko layi ɗaya babu. Littafin da aka karanta ba ya ɓuya, bayansa kan karye, gefensa kan yi duhu da yatsa. Duk abin da Lauya ya faɗa na minti goma yana rubuce a bangon baya, ita kuma tana hango shi daga inda take tsaye, har tana riga shi ƙarasa jimla a zuci.

Mai Kemis, wadda ke da shagon magani a bakin titi, ta ɗaga nata. Launinsa ɗaya da mayafinta, kamar na watan jiya.

"Ni dai gaskiya ban kai ƙarshe ba, kun san kasuwa. Amma wallahi ko riƙe shi ka yi za ka san an yi aiki. Auta, ɗauke ni ta wannan ɓangaren, can akwai inuwa."

Auta ta ɗauka. Banza ta kori wofi, ta ce a ranta, fuskarta kuwa kamar ta mai jiran fatawa.

Can bakin ƙofa, a kujerar roba, Baba Tela ne zaune da kwalbar lemonsa da bai buɗe ba. Tsoho ne mai shagon ɗinki a bayan layi. Farfesa ya gayyato shi zauren ne don a ga cewa ba a ware talaka, kuma a hoto kullum rabin kafaɗarsa ce ke fitowa. A hankali yake karatu, yana bi da yatsa, leɓensa na motsi, shafi biyu tsakanin wuyan riga da hannunta. Amma idan ya ce ya karanta, to ya karanta. Auta ta sani, domin littafin nan mai tsinke shi ta fara ara wa, ranar da ta kai ɗinki ta tarar yana karanta tsohuwar jaridar da aka naɗo yadi a ciki. Wata guda ya yi da shi. Ya dawo mata da shi a cikin leda, ya ce, "'Yata, na ga inda kika zagi baiwar Allah, na kuma ga inda kika ba ta haƙuri. Haka ake so mutum ya zama." Kunya ta kama ta, amma ta yi kwana uku tana jin daɗin maganar.

Labarin wani mai gyaran agogo ne da idonsa ya fara mutuwa, yana ɓoyewa. A shafi na talatin da ɗaya, matarsa ta zare makulli daga ƙarƙashin matashinsa da asuba, ta buɗe aljihun teburinsa, ta kwashe agogunan mutane a ɗankwali ta shige kicin. A nan Auta ta fusata, ta ɗauki fensir ta yi rubutu a gefen shafin. Sai a shafi na ɗari da casa'in gaskiya ta fito. Ashe matar, wadda ta yi shekara ashirin tana kallon hannunsa, buɗe agogunan take yi ɗaya bayan ɗaya, ta gyara abin da ya ɓata, ta mayar kafin ya farka, don kada ya san idonsa ya tafi, kada mutane su sani. A gefen wannan shafin Auta ta rubuta da ƙananan baƙi: Na zalunce ki, ki yafe mini.

Farfesa ya miƙe. Shi a tsaye yake nasa. Ya gyara tabarau, ya ɗaga littafin, ya karanta sunansa daga bango da murya irin ta mai sanarwa.

"'Yan'uwa, na karanta littattafai da yawa a rayuwata, ba yabon kai ba. Amma wannan ya hana ni barci. Sau biyu na bi shi."

"Sau biyu!" in ji Mai Kemis. "Kai, Farfesa, yaushe kake hutawa?"

"Hutu na jahili ne, ranki ya daɗe. Wannan littafi darasi ne a kan cin amanar mata. Mutum yana fama da lalura, matarsa ta cikin ɗaki tana yashe shi. Da na zo wurin, sai na ajiye littafin, na yi tunani mai zurfi, na ce da kaina..." Ya dakata, ya ɗaga yatsa sama. "Macijin da ke kwana ƙarƙashin matashinka ya fi na daji sanin inda jijiyar wuyanka take."

Lauya ya buga cinya. "Allahu akbar! Maimaita, Farfesa, in rubuta."

Ya maimaita, har da lumshe ido.

Auta ta ji kunnuwanta sun yi zafi. Jimlarta ce, ko wasali bai canza ba. Ita ta rubuta ta da fensir a shafi na talatin da ɗaya, ranar da take jin kanta gwanar fahimta. Da abin kirki ya sata da sauƙi. Kuskurenta ya sata, wanda ita ta riga ta tuba daga gare shi, ya saka shi kamar babbar riga yana juyi a tsakiyar falo. Ta dubi takalminsa mai sheƙi, da cikinsa da ya ture maɓallin riga, da ɗan gumin da ke saman leɓensa, ta ji wani raini ya taso mata.

A ƙofar kicin Yaya ce tsaye da tsumma a hannu. Ita ce kullum da safe take zare wasiƙun ofis daga jakarsa, ta bi su da jan biro tana gyara masa rubutu, in ya tambaya ta ce kuskuren mai buga takarda ne. Tana jin ana zancen macijin ƙarƙashin matashi, tana murmushi irin na matar gida mai baƙi.

"Gafarta, Farfesa."

Baba Tela ne. Kowa ya juya, don ba a saba jin muryarsa ba.

"Na'am, Baba. Ka ga amfanin zaure, kowa da bakinsa."

"Agogunan nan da ta kwasa, ina ta kai su?"

Farfesa ya yi dariya, ya dubi sauran. "Baba ke nan. Ina ɓarawo ke kai kayan sata? Ta sayar mana."

"Ta sayar?"

"Ƙwarai. Ɗaya bayan ɗaya. Wurin ma da ban tausayi."

"A shari'ance," in ji Lauya, "wannan sata ce tare da cin amana, laifi biyu ne."

Baba Tela ya sosa gemu. "To, ko dai wani littafin na karanta. Tsufa ne, ba a rantse masa. Amma ga mai shi nan." Ya juyo da kujerarsa. "Auta, naki ne, ke kika ara mini. Ta sayar?"

Farfesa bai san littafin ya taɓa zuwa shagon ɗinki ba. Auta ta ga yatsansa ya lallaɓa ya danna tsinken ciki don ya ɓuya. Ya dube ta ta saman tabarau yana murmushi, amma idon ba murmushi yake ba.

Amsar tana bakinta, a shirye, har da lambar shafi. Abin da za ta ce wa Farfesa kawai, da sunan da ake kiransa a gida, shi ne, Baban 'Yan Biyu, buɗe ɗari da casa'in ka karanta mana. Ta hango yadda zai yi ta laluben shafin, yadda takardun da ba su san hannunsa ba za su manne, yadda zai karanta har ya iso kan ɗan rubutunta na fensir. Ta hango bakin Mai Kemis a buɗe. Shekara biyu tana ɗaukar tire, ba ta taɓa samun dama irin wannan ba.

Sai idonta ya sauka a kan ambulan ɗin da ke saman kabad. Daga nan ya sauka a kan Yaya, wadda ta daina murmushi, ta murɗe tsumman a hannu kamar mai matse wanki.

"Yadda Baban 'Yan Biyu ya faɗa ne, Baba," in ji Auta. Muryarta ta fito siririya. "Ta sayar."

"Ka ji ko!" Farfesa ya tafa hannu, dariyarsa ta fi ta ɗazu ƙarfi. "Ga 'yar jami'a ta raba gardama. Baba, allura ta cinye maka ido, sai mun haɗa maka tabarau irin nawa."

"Ka zo shago in ba ka na ɗigawa," in ji Mai Kemis, aka sake fashewa.

Nan take aka zaɓi littafin Farfesa ya zama na wata, ba hamayya. Ya jefa shi kan tebur kusa da tire, ya koma kujerarsa ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Auta, buga ki tura wa jama'a. Ki sa maganar macijin nan a sama, da manyan baƙi, ki sa sunana a ƙasa. Ƙanwata ce, kun gani, ni nake horar da ita. Ranar Litinin ma in Allah ya so za ku ji labari."

Ta zauna a hannun kujera ta fara bugawa. Ba ta buƙaci a maimaita mata jimlar ba. Duk rainin da ta tara wa mutanen falon tun la'asar, ta nemi inda za ta ajiye shi ta rasa, domin su ko ba komai ba su san abin da ke shafi na ɗari da casa'in ba. Ita ta sani. Sau ɗaya ta zalunci matar nan cikin rashin sani ta ba ta haƙuri, yau ga shi ta sake, ido buɗe, a gaban shaida.

Lauya ya shiga ba da labarin wani alƙali, Mai Kemis na duba hotunanta tana goge waɗanda ba ta yi kyau ba. Ba wanda ya lura lokacin da Baba Tela ya tashi, sai Auta. Ya zo teburin a hankali, ya ɗauki littafin, ya zare tsinken da yatsa biyu ya ajiye a kan tire tare da marafan kwalabe. Ya lashi yatsa ya yi ta buɗe shafuka har ya iso inda yake nema. Ya tsinko wani farin zare da ya maƙale a hannun rigarsa, ya shimfiɗa shi a tsakiyar shafin, ya rufe. Ya ajiye littafin a kan cinyar Auta, bai dube ta ba.

Ya mayar da kwalbar lemonsa kan tire yadda aka kawo ta, ya ɗaga kujerar robar ya jingine ta a bango. A bakin ƙofa ya zura takalmansa, ya ɗaga labule, ya fita.