Abin da Ya Tsai da Sahabi a Funtuwa

Ni na koya wa Sahabi son littafin nan, wannan kam ba zan ɗora wa kowa ba. Mijina ne, ɗan kasuwar hatsi a Bungudu, mutumin da in ya gan ni riƙe da waya ina murmushi sai ya ce, "Bara'atu, uwar ɗiya biyu, kina karatun tatsuniyar yara. Allah shi shirye ki." Da gaskiyarsa, don 'yan sakandare aka rubuta shi. Wata marubuciya ce take sako shi a zauren WhatsApp, littafi uku a jere, sunansa Masu Satar Inuwa.

Labarin Luba ne, 'yar maginin tukwane mai shekara goma sha biyar. Wani matsafi ya bi garinsu yana kwashe inuwar mutane yana ɗurawa a gora, wanda kuwa aka ɗauke wa inuwa, cikin kwana bakwai sai ya manta sunan uwarsa. Luba ta bi sawunsa, ita da wata balbela mai ido ɗaya da rashin kunya.

Wata rana bayan la'asar ina karanta wa ƙanwata a tsakar gida, Sahabi yana gefe wai gyaran takalmi yake. Na tsaya in sauke tukunya, sai na ji ya ce, "To sai mi? Balbelar ta mutu?" Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Daga ranar, la'asar ta zama tamu. Shi karatun boko yana ba shi wuya, sai ya bi da yatsa yana motsa leɓe, don haka ni nake karantawa, shi yana zagin matsafi kamar ya ci masa gona. Har doka ya kafa: ba wanda zai wuce wani ko da shafi ɗaya. Ranar da ya kama ni na leƙa babi biyu, yini ya yi bai yi mini magana ba.

Littafi na biyu ya ƙare Luba tana bakin kogin narkakken ƙarfe, wanda ba mai ƙetare shi sai marar inuwa, ta cire tata da hannunta ta miƙa. Muka yi ta jira. Saura kwana biyu a sako na uku aka katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya, saboda 'yan bindiga.

Wanda bai zauna nan a lokacin ba ba zai gane ba. In kana son kiran ɗanka, sai ka shiga mota ka bi ta Gusau da Tsafe har Funtuwa, can Katsina, inda akwai sabis. Duk mai tafiya, maƙwabta su tara masa wayoyi a leda, ya kunna su can saƙonni su shigo, ya dawo da su. Da Sahabi ya tashi zuwa kiran abokan cinikinsa, na cusa masa wayata a aljihu.

"Kar ka dawo min gida ba na uku," na ce.

Haka na faɗa, da bakina, ina dariya.

Motar da ya shigo ta dawowa 'yan bindiga suka buɗe wa wuta kafin Tsafe, gab da magariba. Direban bai tsaya ba, ya tsira da mutum bakwai. Sahabi ne na takwas, harsashi ya same shi a wuya, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Aka kawo mini shi da hularsa da wayata.

Ranar uku Gambo, direban da ya kai su da safe, ya zo gaisuwa. Ina ɗaki ina jinsa yana gaya wa surukata, Inna Rabi: "Wallahi Inna, sau biyu ina kiran shi. Ƙarhe biyu munka tashi. Yac ce in tahi, shina da sauran aiki ga waya, shi biyo motar baya."

Inna ba ta san komai game da littafin ba. Ni na sani. Na san sabis ɗin Funtuwa da dubban mutane a kansa, abu ya yi ta juyawa bai sauka ba. Na ga Sahabi a raina zaune yana jira ya sauka, don matarsa ta ce kar ya dawo babu shi. Na jefa wayar ƙasan akwati na rufe. Kullum Inna ta kawo mini fura ɗakin takaba sai ta zauna bakin gado ta yi tambayar nan guda, ba ni take tambaya ba, bango take kallo: "Mi yat tsai da shi? Shi da ba ya yamma ga hanya." Ni kuwa in sunkuyar da kai. Na tsani kaina, na tsani marubuciyar, har Luba na tsana, yarinyar da ba a taɓa haifa ba.

Bayan arba'in na gaji da tsoron akwati. Na ba da wayar aka yi caji, na kunna da hantsi, yara suna makarantar allo. So nake in ga lokacin da littafin ya gama sauka, in san iyakar laifina.

Sha biyu da rabi. Awa ɗaya da rabi kafin motar Gambo ta tashi.

Na taɓa littafin. Bai buɗe a farko ba, a shafi na sittin da ɗaya ya buɗe. Na daɗe ina kallon lambar kafin na gane. Ba jira ya tsaya yi ba. Samun wuri ya yi ya zauna, da yatsansa da leɓensa, ya karya dokar da shi ya kafa, ya bar mota ta tafi don ya ji ko Luba ta ƙetare.

"Munafuki!" na ce da ƙarfi, ina kuka ina dariya. "Kai da ka yi min gaba kan babi biyu!" Na zaci sauƙi zan ji. Ban ji ba. Ko ba ni na tsai da shi ba, ni na ɗanɗana masa.

Ihun ya shigo da Inna. Na gaya mata duka, ban rage ba: la'asar ɗinmu, da dokar, da abin da na faɗa masa a bakin ƙofa, da shafi sittin da ɗaya. Na jira ta tsine mini. Ta daɗe tana kallon wayar kamar kunama ce.

"Tatsuniya," ta ce. "Ɗana guda, tatsuniya." Sai ta zauna, ta gyara mayafi. "Karanto min. In ji abin da yaf fi ni, yaf fi ki, yaf fi ɗiyanai."

"Inna, sai an faro daga na ɗaya za ki gane."

"Daga inda yat tsaya nika so."

Na karanta. Luba ta ƙetare, amma kwana shida sun wuce, tana tafe cikin dajin ƙaya tana maimaita sunan uwarta kar ya kuɓuce mata, balbela tana yi mata tsiya don kar ta yi barci. A ƙarshen babin ta buɗe baki, sunan bai zo ba.

Na kife wayar a cinya. Inna tana zaune, hawaye har haɓa, fuskarta a murtuke da fushi. 

"Bara'atu," ta ce, ba ta dube ni ba. "Ta tuna?"

"Ban sani ba, Inna. Shi ma bai kai nan ba."

"To ci gaba."