Ƙibar Malam Ɗantsoho

A kasuwar hatsi ta Daura babu wanda ya kai Malam Ɗantsoho rama. Yana ci kamar kowa, har ya fi wasu, amma ko iska ta kaɗa sai ka ga rigarsa ta riga shi tafiya. Shi ya sa ranar da aka kunna bidiyon sunan jikarsa a talabijin, sai ya jawo kujera kusa.

Ga shi nan a bidiyon zaune kan tabarma, kumatu sun cika, wuya ya yi kauri, kafaɗu kamar na ɗan dambe. Ragon suna ya koma kamar maraƙi.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Ashe abincin nan yana zuwa wani wuri."

Matarsa Maimunatu ba ta yi hamdala ba. Ita dama mai jiki ce, kuma da ta gitta a bidiyon da kwanon waina, sai da ta rufe mata uku. Nan take ta aika aka kira 'yarsu Raihana, wadda ke koyar da kwamfuta a sakandare.

Raihana ta kalla, ta yi dariya. "Baba, dubi farantin goro. Ai zagayayye ne, nan kuwa ya zama kamar ƙwai. Kyamarar mai ɗaukar bidiyon ta tsufa, faɗi huɗu take ɗauka, tsayi uku. Wajen juyawa ya sa faɗi sha shida da tsayi tara, sai hoton ya miƙe."

Ta buɗe kwamfutarta, ta fito da wani baƙin allo marar hoto ko ɗaya, ta rubuta:

ffmpeg -i suna.mp4 -aspect 4:3 -c copy gyara.mp4

Kafin a ƙifta ido faranti ya dawo daidai, rago ya koma rago, Malam Ɗantsoho ya koma Malam Ɗantsoho.

"Mayar mini da jikina," ya ce.

"Baba, ba naka ba ne."

"To na wa ne? Da hulata a kai."

"In ta mayar maka, ni fa?" in ji Maimunatu.

Ya nemi a faɗaɗa gefen maza a matse gefen mata. Raihana ta ce lambar ɗaya ce, kowa da ke ciki ita za ta hau, har rago. Sai aka shiga ciniki. Ya ce sha biyar da tara, Maimunatu ta ce albarka. Ya sauko sha huɗu, ta ce ko kusa. Suna cikin haka aka kira la'asar, ya fita yana cewa kada a taɓa komai.

Yana fita Maimunatu ta matso. "In an rage ƙasa da huɗun nan fa?"

"Inna, za ki sirance, amma Baba..."

"Rage."

Raihana ta sa uku da huɗu. Maimunatu ta fito kamar budurwa, ta kalli kanta har sau uku. Malam kuwa ya zama karan dawa da aka ɗora wa hula, sai ka ƙura ido za ka gane akwai mutum a wurin. Haka Maimunatu ta tura wa dangi bidiyon a waya.

Washegari da hantsi sai ga yayarsa Ikilima daga Dutsi, da ƙwaryar fura, da man shanu, da ƙullin sassaƙe, tana kuka tun daga zaure. Ta riƙe hannunsa, ta juya shi, ta duba wayarta, ta sake dubansa.

"Ka ɗan fi na jiya," ta ce, tana share hawaye. "Ka fara farfaɗowa ke nan?"

Malam Ɗantsoho ya kalli man shanun, ya kalli matarsa, wadda ta sunkuyar da kai tana tsince shinkafa.

"Kaɗan-kaɗan, Yaya," ya ce da ƙaramar murya.

Ikilima ta ajiye mayafinta, ta ce ba inda za ta sai ya warke, ta tura masa ƙwaryar gabansa.