Shirun Daƙiƙa Goma Sha Ɗaya

Shekara ashirin ni da Yayana muna gardama a kan kiɗa, ban taɓa yin nasara ba. Shi ɗan metal ne, kiɗan Turawan nan mai hargowa. In jita ba ta yi kururuwa ba, ganga ba ta girgiza ƙofar shagonsa na walda ba, to a wurinsa ba a fara komai ba. Masu kiɗan rok ɗin nan da ke rera waƙa kamar yanzu aka tashe su daga barci, yakan ɗaga musu ƙafa, wai ko ba komai suna da jita. Amma jaz, kiɗan da ni nake so?

"Mutum uku suna gwada kayan kiɗa, an manta ba a ce musu su fara ba," in ji shi. A gaban 'ya'yana yake faɗa, su kuma marasa kunya su yi ta dariya.

Abin da ya fi ci mini rai, shekara shida ina gabatar da shirin faifai a gidan rediyo duk Asabar da yamma, bai taɓa saurara ba. Da ƙyar na samu ya yi alkawari.

"Faifai ɗaya, Yaya. In bai shige ka ba, na daina damunka har abada."

"Har abada fa ka ce, Auta."

Na zaɓi wani tsohon faifai na mutum uku: mai piyano, mai jitar bas da mai ganga. A kiɗa na huɗu, bayan sun yi minti shida suna tsere, sai su tsaya cak. Daƙiƙa goma sha ɗaya babu komai. Za ka ji kujera ta motsa, wani ya ja numfashi, sannan mai piyano ya taɓa sauti ɗaya tak. A ganina don wannan shirun aka yi faifan gaba ɗaya. Ranar da na fara jinsa sai da na yi hawaye.

Ranar Juma'a na naɗi shirin. Da gangan ban ambaci shirun ba, ina so ya kama Yaya ba zato. Na miƙa wa Injiniya, matar da ke tace mana shirye-shirye, na tafi gida ina jin daɗin wayona.

Asabar na zauna a kicin da rediyo a gabana, na hana kowa motsi. Kiɗa na huɗu ya fara, minti biyar, minti shida, na riƙe numfashi. Ganga na yankewa sai ga sautin piyanon ya faɗo a kanta nan take. Babu kujera, babu numfashi, babu komai.

Na ɗauki waya na kira Injiniya.

"Ina shirun?"

"Wane shiru, Malam? Au, ramin nan? Na gyara maka shi. Ba sai ka gode ba."

"Kin saurari kiɗan kuwa?"

"Shiri tara gare ni jiya, ina na ga lokacin sauraro? Allon kwamfuta nake dubawa. Duk inda layi ya kwanta ya wuce daƙiƙa huɗu, yankewa nake. In ba haka ba mutane su ce tashar ta mutu, Manaja ya hau kaina. Da ka faɗa mini ai da na bari."

Gaskiyarta ta fi ba ni haushi fiye da yankan. Na kashe wayar, sai ga kiran Yaya. Na ɗauka ina jiran dariyar da na saba.

"Auta," ya ce, "na kashe injin walda saboda kai. Wallahi mutanen nan sun iya."

Sai ya ci gaba da cewa:

"Musamman na huɗun nan. Ka ji yadda ganga ta tsaya piyano ya cafe nan take? Ba jan rai, ba ɓata lokaci, ba wannan tsaye-tsayen naku na banza. Ashe akwai jaz na masu hankali! Ka aro mini faifan gobe."

Faifan yana kan teburi a gabana, da shirunsa cikakke a ciki. Shekara ashirin nake jiran wannan maganar daga bakinsa.

"Auta, kana jina? Ka yi shiru."

"Ina jinka, Yaya," na ce. "Faifan ya ɓata."